Wasa Goma Sha Ɗaya Suka Rage

Litinin, 6:40 na safe

Huɗu ke nan a jere. Shekarata tara ina mataimakin Koci a kulob ɗin nan, ban taɓa ganin mun sha kashi sau huɗu a jere ba. Da aka fara kaka, wata biyu cur muna kan teburi, yau mu ne na shida. Takwas ɗin farko ne ke shiga wasannin fitar da gwani, kuma wasa goma sha ɗaya suka rage. A lissafi babu abin tsoro. Haka nake ta gaya wa kowa.

Na kalli bidiyon wasan jiya sau uku. Yaran suna gudu, suna tsaron gida, ƙwallo na shiga kwando daidai gwargwado. Ban ga inda ɓarakar take ba. Sai dai abin nan na minti na ƙarshe. Ana kunnen doki, Koci ya miƙe ya nemi hutun dabara alhali mun riga mun cinye namu duka. Ni da kaina na gaya masa sun ƙare, bai fi minti biyu kafin nan ba, har ya gyaɗa kai. Alƙalin wasa ya ba su jifan kyauta, da shi suka tafi.

Kowa na mantuwa. Ga hayaniya, ga zafi. Mutum ya shekara talatin a bakin fili, dole wata rana ya yi kuskure.

Laraba, 1:15 na rana

A wajen atisaye Koci ya kira Bahago da sunan wani ɗan wasanmu da ya yi ritaya shekara goma sha biyu da suka wuce. Sau biyu. Bahago ya ce, “Koci, ai wannan ya haife ni,” yara suka kwashe da dariya, shi ma ya yi dariya ya ce duk bahagwai kamarsu ɗaya. Ni ma na yi dariya. Kyaftin ne kawai bai yi ba. Ni ya tsaya yana kallo.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Juma’a, 7:00 na safe

Biyar. Da maki uku.

Juma’a, 4:30 na yamma

Dogo suka kama. Rediyo, jarida, waya, ko’ina Dogo. Wai an sayo shi da tsada a bana, tsawo kawai gare shi, babu kai. Suna ta maimaita hoton daƙiƙu goman ƙarshe, inda yake tsaye shi kaɗai a kusurwa yana waige-waige kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba, ƙwallo ta wuce ta bayansa ta fita.

Ina wurin da aka zana dabarar nan a kan allo. Ba mu taɓa gwada ta a atisaye ba, ba bana ba, ba bara ba. Na san ta, don ni na buga ta, lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, kafin gwiwata ta tashi aiki. Koci ya zana ta da sauri, ya ce, “Kamar yadda muka saba,” ya tafa hannu. Yara suka kalli juna, aka busa, suka shiga. Ina zaune da bakina ban ce uffan ba.

Da ’yan jarida suka tare Dogo ya ce laifinsa ne, bai saurara da kyau ba. Yaron yana tsammanin gaskiya ya faɗa.

Lahadi, 11:00 na safe

Yau zan matsar da kujerata kusa da tasa. Ba don komai ba, hayaniya ta yi yawa a filin nan, ba ma jin juna.

Litinin, 6:30 na safe

Mun ci, da tazarar goma sha huɗu! Duk sanda za a canja ɗan wasa sai in sunkuya in ce, “Baba, ko mu fito da Bahago ya huta?” Sai ya ce, “Abin da nake shirin yi ke nan, Gajere.” Tun ina shekara goma sha biyar yake kirana Gajere, duk da sai na sunkuya nake shiga ƙofar gidana. A gaban mutane Koci nake ce masa. Baba na tsakaninmu ne.

A ɗakin canja kaya ya rungume ni. Gajiya ce ashe. Na san gajiya ce.

Juma’a, 8:10 na safe

Biyu a jere. Wai mun farfaɗo. Waɗanda suka ce mun mutu makon jiya su ne yau suke cewa kofi namu ne.

Matata ta ce, “To tunda kun ci, me ya hana ka cin abinci?” Na ce ina ci mana. Ta ce, “Farantin nan ba ya ƙarya. Kuma me ya sa kake rubuta tsarin wasa sau biyu, ɗaya da manyan baƙaƙe?” Na ce idon Koci ne ya fara rauni. Ta ce, “Ido.” Ta kwashe kwanuka ta tafi, ba ta ƙara ba. Da ma ta ƙara, da mun yi faɗa na huta.

Litinin, 7:20 na safe

Mun faɗi a waje. Ba laifin kowa ba ne, sun fi mu. Har daɗi na ji da aka ci mu da hujja.

Talata, 12:50 na rana

Atisaye ƙarfe tara ne. Tara da kwata babu Koci, mutumin da ke riga mai gadi zuwa. Tara da rabi wayata ta yi ƙara. Ya ce, “Gajere, sun canja hanyar nan ne? Ina gaban wani gidan mai, ga kantin magani a gefe.” Na gane wurin. Kwanar titi ɗaya ce tsakaninsa da filinmu, idan ka ɗaga kai ma kana hango rufin. Shekara ashirin yana bin hanyar nan.

Na bar wa Kyaftin yara, na ce taya ce ta yi faci. Na same shi zaune a mota, hannu biyu a kan sitiyari, inji a kashe. Ya ce sun cire allon da ke kwanar. Na ce e, sun cire. Na shiga gaba ya biyo ni. Da muka zo kwanar, allon na nan inda yake. Ban kalle shi ta madubi ba.

Yana shiga fili ya hango Bahago na ajiye ƙafar dama a gaba wajen jifa, abin da ni na yi mako biyu ina kallo ban gano ba. Minti biyar ya gyara shi. To yaya ke nan? Wanda ke ganin wannan, a ce…

Ba zan rubuta ba.

Juma’a, 3:00 na yamma

Jiya mun sake faɗi, yanzu mu ne na bakwai. A kwata na uku na ce a saka Dogo, Koci ya ce a saka. Bayan minti ɗaya ya juyo a fusace yana tambayar wa ya saka Dogo. A gaban benci duka. Aka fito da shi, ’yan kallo suka bi shi da ihu har ya zauna. Ya lulluɓe kansa da tawul.

Yau bayan atisaye Kyaftin ya tare ni a ɗakin kaya, ya tura ƙofa da ƙafa. Ya ce, “Yaya, tambaya ɗaya. Idan an busa hutu, bakin wa za mu kalla? Naka ko nasa?” Na ce Koci ɗaya ne a kulob ɗin nan. Ya ce, “Ba abin da na tambaya ke nan ba. Shekarata talatin da biyar, wannan ce kakata ta ƙarshe, kai ma ka sani. Ni ma shi ya rene ni, ba kai kaɗai ba. Amma matar Dogo ta daina zuwa kallo, an zage ta a gaban ’yarta. Har yaushe?” Na ce masa ya kama aikinsa, in kama nawa. Ya ce, “To, Yaya,” ya buɗe ƙofa.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 5:40 na yamma

Na je gaishe da Mama, matar Koci. Shi yana barci. Ta kawo shayi muka zauna a falo, ƙarƙashin hotunan kofuna. Muka yi maganar jikoki, maganar famfon da ke yoyo, maganar gwiwata. Na lura an manna ’yan takardu a jikin ƙofofi da rubutunta: kicin, banɗaki, makulli na cikin aljihun hagu. Ta ga na gani. Ta ce jikoki ne ke koyon karatu. Babban jikan nasu yana aji uku a sakandare, ƙaramar ko zama ba ta fara ba.

Da ta rako ni bakin ƙofa ta riƙe hannun rigata. Ta ce, “Ranar da yake da wasa, da asuba yake tashi ya yi wanka, ya goge takalmi, yana waƙa. Sauran ranakun ba haka yake ba. Ka kula mini da shi, ɗana.” Na ce in Allah ya yarda, Mama. Na so in tambaya ko sun ga likita. Ina jin ita ma ta so in tambaya. Na ce a gaishe shi idan ya tashi.

Litinin, 6:15 na safe

Na takwas. Wasa biyar suka rage. Wanda ke bayanmu nasara ɗaya ce tsakaninmu.

Litinin, 2:30 na rana

Manaja ya kira ni ofis, ni kaɗai. Ya ce masu kulob sun gaji, wani abu dole ya canja kafin a rufe cinikin ’yan wasa Litinin mai zuwa. Akwai ƙaramin kulob da ke son Dogo. Ya cire tabarau ya ce, “Kai ne a ciki. Gaya mini tsakani da Allah, yaron ne matsalar, ko akwai abin da ban sani ba?”

Na kalli kalandar da ke bayansa. Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Ba ka sani ba, ko ba za ka faɗa ba?” Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe. Ya ce shi ke nan, zai yi magana da Koci, idan ya sa hannu Dogo ya tafi.

Kuma da gaske ne ban sani ba. Ni ba likita ba ne. Ban sani ba. Idan na buɗe baki, mutumin da ya ɗauko ni daga bakin titi, ya saya mini takalmin wasa na farko, ya kwana uku a asibiti ranar da aka yanka gwiwata, shi za a sallama da takarda mai layi biyu. Idan na yi shiru, yaron da bai yi komai ba zai tafi da sunan wawa. Ban sani ba.

Laraba, 10:00 na safe

Na zuba gishiri a shayi. Matata ta karɓe kofin ba ta yi dariya ba.

Juma’a, 6:20 na safe

Jiya na ga Kocin da na sani. Na ɗaya a teburi muka kara da su, suna gabanmu da goma sha shida a hutun rabin lokaci. Na shirya takardata zan fara raɗa masa, ya ture hannuna. Ya ce mai rabon ƙwallonsu ba ya son zuwa hagu tun da ya faɗi a kwata na farko, a tura shi hagu, a bar Dogo ƙarƙashin kwando yana jiransa. Ba wanda ya lura da faɗuwar nan sai shi. Dogo ya tare ƙwallo shida. Muka ci da maki biyu. Filin kamar zai tsage, waɗanda suka zagi Dogo suna kiran sunansa.

To ko ni ne? Ko ni na ƙirƙiri komai a kaina don ina son kujerarsa ban sani ba? Na tambayi kaina wannan har sau nawa. Na kusa yage shafukan baya.

Juma’a, 1:45 na rana

Sakatariyar Manaja ta tsayar da ni a matakala, ta ce in gaya wa Dogo ya zo ya karɓi takardunsa ranar Litinin. Koci ya sa hannu tun Laraba.

Juma’a, 6:00 na yamma

Na same shi a ofishinsa yana kallon bidiyon jiya, yana murmushi. Ya ce, “Gajere, zo ka ga yaron nan. In muka shiga fitar da gwani, a kansa za mu gina komai.” Na ce wane yaro, Baba. Ya ce Dogo mana.

Na rufe ƙofa. Na ce, “Baba, ka sa hannu a sayar da shi.” Ya ce wa ya faɗa. Na ce shekaranjiya, a ofishin Manaja. Ya ce ƙarya ne, ya buga tebur, ya ce shekara talatin bai taɓa sayar da ɗan wasa a tsakiyar kaka ba, ni ma so nake in haɗa kai da su. Na ajiye masa kwafin da na karɓo wajen sakatariya. Ya sa tabarau. Ya kalli sa hannun nan ya fi minti biyu. Bidiyo na ta tafiya, ba wanda ya kashe.

Can ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan littafi ya miƙo mini. Sunayen yaranmu ne, kowa da lambar rigarsa da kamanninsa. Mai gemu. Mai tabo a goshi. A shafi na biyu akwai ni: Gajere, mataimaki, naka ne, ka yarda da shi.

Ya ce, “Tun yaushe ka sani?” Na ce ban san komai ba, Baba. Ya ce, “Daina. Ni tun kafin a fara kaka. Na ce bari in kai ku ƙarshe, in ajiye da mutuncina. Na ɗauka ni kaɗai abin zai ci.” Ya tambaye ni dabarar da Dogo ya tsaya a kusurwa, wa ya zana ta. Na faɗa masa. Ya tambayi abin da aka yi wa matar yaron. Na faɗa masa. Ya ce, “Kai kuma kana zaune.” Na ce e. Ya ce, “Ba haka na koya maka ba.”

Ya ninke takardar, ya gyara wuyan rigarsa. Ya ce in raka shi ofishin Manaja yanzu, kafin abin ya gudu daga kansa, kuma in bar shi ya yi maganar da bakinsa. Na tsaya a waje. Minti ashirin. Ban ji komai ba sai ƙarar na’urar sanyaya ɗaki.

Asabar, 12:30 na rana

Sanarwar kulob ta ce Koci ya ɗauki hutu bisa shawarar iyalinsa, mataimakinsa zai riƙe. Dogo na nan.

Ya zo ya yi wa yara sallama a tsakiyar fili. Bai duba littafin ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da suna, bai kuskure ko ɗaya ba, ni kuwa ina bayansa ina bin sunayen a zuciyata kamar mai tsoron kada ƙwai ya faɗi. Da ya zo kan Dogo ya ce, “Ranar nan ba kai ba ne, ni ne. Ka gaya wa maiɗakinka tsoho ya ba ta haƙuri.” Dogo ya durƙusa har ƙasa, duk tsawon nan, yana kuka kamar yaro. Kyaftin ya ɗauko ƙwallo ya fara bugawa a ƙasa don kada a ji.

Litinin, 7:00 na safe

Wasana na farko, an ci mu da ashirin da ɗaya. Na tara. Sau biyu ina sunkuyawa gefe in yi wa Baba magana, babu kowa a kujerar. A rediyo wai ni na yi masa zagon ƙasa. Wataƙila. Ni kaina ban san sunan abin da na yi ba.

Juma’a, 7:30 na safe

Mun ci.

Litinin, 7:10 na safe

Mun ci. Saura ɗaya. In muka ci mun shiga, in muka faɗi sai baɗi. Matar Dogo ta zo kallo, ta ɗaga mini hannu, na kasa ɗaga nawa da kyau.

Juma’a, 7:45 na safe

Mun shiga. Na takwas, mun ci da maki ɗaya, jifan Kyaftin saura daƙiƙa huɗu. Na ɗaya za mu fara haɗuwa da su, kowa ya ce wasa huɗu za su share mu. Ya kamata in ji daɗi. Ina jira in ji.

Yanzun nan ya kira. Ko gaisuwa babu. Ya ce na bar Bahago a fili minti uku fiye da kima a kwata na uku, ƙafafunsa sun mutu kowa na gani, kuma na yi saurin cinye hutun dabara kamar mai jin yunwa. Duk gaskiya ne. Na ce na ji, Baba. Ya ce amma tsaron gida ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Ina jin muryar Mama a bayansa tana cewa shayinsa na hucewa.

Sai ya ce, “To, ƙarfe nawa muka sa atisaye yau? Ka biyo ka ɗauke ni, sun ɓoye mini makullin mota. Akwai aiki a gabanmu, Gajere.”

Na kalli agogo. Mama ta daina maganar shayin, na san tana saurare.

Na ce ƙarfe tara, Baba.

Ban san abin da zan gaya wa Manaja ba. Ban san abin da zan gaya wa yara ba, ko shi kansa idan muka isa ya nemi allonsa. Takwas saura kwata yanzu, kuma hanyar gidansu akwai cunkoso. Bari in tashi.